Alamar Keken Sayayya a Shagunan Intanet: Nazari Daga Kasuwannin Kudancin Birnin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi 'yar alamar keken zuba kaya da ake gani a saman shagunan intanet, ta auna ta da al'adar ciniki a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna. Ta nuna cewa hoton shi kaɗai ba ya isar da saƙo ga wanda ya saba da baro da leda, sai an tallafe shi da kalma da lamba.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1937 wani ɗan kasuwa mai suna Sylvan Goldman ya fito da keken zuba kaya a kantunansa da ke Oklahoma ta ƙasar Amurka, domin mai sayayya ya ɗebi fiye da abin da hannu zai iya ɗauka. Daga can shagunan intanet suka aro hoton, kuma Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, suka ƙara yaɗa shi a wayoyin 'yan Nijeriya. Sai dai ba a kowace ƙasa ake kallon sa da ido ɗaya ba. Kamfanin Amazon yana kiran wurin tara kaya "keke" a shafinsa na Amurka, amma "kwando" yake kiran sa a na Ingila.

2.0 Matsayin Alamar a Ilimin Alamomi

Charles Sanders Peirce ya kasa alama gida uku: mai kama da abin da take wakilta, kamar hoto; mai nuni gare shi, kamar hayaƙi da wuta; da wadda jama'a suka yi ittifaƙi a kanta, kamar harafi. Ga wanda ya saba da manyan kantuna, hoton keke yana rukunin farko. Ga wanda bai taɓa tura shi ba kuwa, ya koma rukuni na uku, wato sai an koya masa.

3.0 Baro, Leda da Kwando

Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, kudancin birnin yake tara ma'aikata daga ƙabilu daban-daban, Hausa kuma tana cikin manyan harsunan cinikinsu. A kasuwannin Kakuri da Sabon Tasha tsarin sayayya sananne ne: a taya, a yi albarka, a daidaita, a biya, sannan a zuba kaya a leda ko a kira mai baro. Abin ɗaukar kaya yana zuwa ne bayan ciniki ya faɗa. Keken kanti kuwa kafin biya ake cika shi, kuma mai shi na da ikon mayar da abin da ya fasa. Saboda wannan saɓani, mai saye na iya jin tsoron taɓa alamar don kada a cire masa kuɗi, mai shago kuma ya yi asarar ciniki.

Sauya keke da kwando ma yana da tasa matsalar. Idan aka ƙanƙanta hoton kwando a fuskar waya, yana iya kama da kwandon shara, wanda shi ne alamar gogewa. Hoton jaka kuma ya fi kusa da ledar da ake miƙo wa mutum bayan ya biya.

4.0 Shawarwari ga Masu Zane

Na farko, a bar hoton keke a inda aka saba ganin sa, wato sama ta hannun dama, tun da sabo ne ke ba shi ma'ana. Na biyu, a rubuta kalma a ƙarƙashinsa. Bahaushe na da abin da ya yi daidai da wannan mataki: mai saye kan ce "ware mini wannan" kafin a yi maganar kuɗi. Don haka "Kayan da na ware" ya fi "Kayana", domin na biyun yana nuna an riga an mallaka. Na uku, a sa lambar da ke ƙirga kayan, ta ƙaru da an zaɓi abu, tare da gajeren saƙo cewa ba a cire kuɗi ba tukuna. Na huɗu, zanen ya zama mai kaurin layi, launinsa ya fita sosai, domin a tsakar rana ake yawan duba waya a kasuwa. Ƙa'idar zane ta Google ta ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza awo 48 a tsawo da faɗi, ta Apple kuma 44.

5.0 Kammalawa

Fassara shagon intanet zuwa Hausa ta haɗa har da hotunansa, domin su ma da al'adar inda suka fito suke tafe. Aikin da ke gaban masana harshe shi ne su gwada waɗannan kalmomi a bakin masu saye da sayarwa na Barnawa da Narayi da Kakuri, a daidaita wadda ta fi karɓuwa kafin kowane shago ya ƙirƙiri tasa.