Hasashen Buƙatar Wutar Lantarki a Ikara, Makarfi da Kudan: Matsalar Buƙatar da Mita Ba Ta Gani

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake hasashen buƙatar wutar lantarki a ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan na Jihar Kaduna. Ta yi nuni da cewa alƙaluman wutar da aka sha ba su ne ma'aunin wutar da ake buƙata ba, kuma rabe-raben lokutan shekara na Bahaushe sun fi watannin Bature dacewa da aikin.

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Disambar 2014 rarraba wuta a wannan yanki ya koma hannun kamfanin Kaduna Electric, wanda ke kula da jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, bayan zamanin NEPA da PHCN. Kamar kowane kamfani irinsa, wajibi ne ya yi hasashen yawan wutar da za a nema nan gaba, domin a kan hasashen ake yanke shawarar inda za a ja sabon layi ko a girka taransifoma. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin uku kimanin mutum 480,000, kuma ba a sake ƙidaya ba tun lokacin. Ke nan tubalin farko na lissafin, wato yawan jama'a, shi kansa ƙiyasi ne.

2.0 Sha da Buƙata

Sananniyar hanyar hasashe ita ce a ɗauki wutar da aka sayar a shekarun baya, a ƙara mata wani kaso gwargwadon ƙaruwar jama'a. Hanyar tana aiki a inda wuta ba ta yankewa. A nan kuwa tana cakuɗa abubuwa biyu da Hausa ta bambanta sarai: abin da aka sha da abin da ake buƙata. Mita ba ta ƙirga komai sai wutar da ta iso. Mai walda a Makarfi da ya yini a kan janareta, da mai injin markaɗe a Hunkuyi da ke sayen gas, duk masu buƙata ne, amma littafin kamfani bai san da zamansu ba. Gidan da ba shi da mita kuwa kuɗin ƙiyasi ake rubuta masa, don haka ko shan nasa ba a auna ba.

Tsarin farashi ya ƙara wa matsalar nauyi. Hukumar NERC ta kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga A mai awa 20 a rana zuwa E mai awa 4, kuma a Afrilun 2024 ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa guda. Idan layi ya samu awa kaɗan, zai nuna sha kaɗan. Mai hasashe ya karanta hakan a matsayin ƙarancin buƙata, sai jari ya nufi wani wuri. A ganin mai wannan nazari, nan ne babban haɗarin yake, domin kuskuren yana haifar da hujjar kansa a shekara mai zuwa.

Akwai kuma buƙatar da ta fara ƙaura. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya tsadar da janareta da injin ban ruwa, duhun da ya rufe yawancin Arewa fiye da mako guda a Oktoban 2024 kuma ya nuna raunin dogaro da babban layin ƙasa. Wanda ya tara kuɗi ya sayi sola da wuya ya dawo da dukan buƙatarsa ga kamfani, kuma galibi shi ne mai iya biya.

3.0 Lokutan Shekara

Tattalin arzikin yankin na noma ne: rake da mazarƙwaila a Makarfi, tumatir a Ikara inda aka kafa masana'antar sarrafa shi, noman rani da inabi a Kudan. Buƙatar wuta tana bin wannan zagaye. Da damina jama'a na gona. Da kaka injinan casa da niƙa sukan tashi, kuɗi kuma ya shigo hannu, wanda ke nufin lokacin ne biyan kuɗin wuta ya fi sauƙi. Da rani ban ruwa da matsar rake ke cin makamashi, kusan duk na fetur da gas, bayan a da doki ne ke juya injin raken. Bazara, wato Maris zuwa Mayu, ita ce ƙololuwa a gidaje saboda fanka da firij da ƙanƙara, kuma a daidai lokacin ne ruwan madatsar Shiroro ke ja baya. Wanda ya raba shekara gida huɗu irin na ofis zai yanka bazara biyu, wani ɓangare a kashi na farko wani a na biyu, ƙololuwar ta ɓace a cikin matsakaicin lissafi.

Watan azumi ya fi duka wuyar kamawa, domin yana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara. A 2024 ya faɗo daga Maris zuwa Afrilu, cikin tsananin zafi, lokacin da cinikin ƙanƙara kafin shan ruwa ya kai matuƙa. A 2030 kuwa a watan Janairu zai kama, cikin hunturu. Hasashen da aka gina kan alƙaluman 2022 zuwa 2024 ya haɗa nauyin azumi da na bazara wuri guda, alhali a shekarun da ake yi wa hasashen sun riga sun rabu: ɗaya a Janairu da Fabrairu, da asuba da almuru, ɗaya kuma a Afrilu da tsakar rana.