Gandun Dajin Baturiya

Duk mutumin ƙasar Dutse ya san kwazazzabo. In an sare itatuwan bakin rafi, dabbobi kuma suka cinye ciyawa ƙarƙaf, to, da ruwan damina ya gangaro daga kan duwatsu sai ya yi ta cin ƙasa. Bana ɗan rami ne, baɗi ya isa ya haɗiye raƙumi. Wurin da ya zama haka ba ya nomuwa, ba ya kiwatuwa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa hukuma takan keɓe wani daji, ta sa masa iyaka, ta hana sara da farauta a ciki sai da izini. Shi ake kira gandun daji. Ba na mutum ɗaya ba ne, na jama'a ne duka.

A Jihar Jigawa babu gandun da ya kai na Baturiya suna. Yana arewa maso gabas da Dutse, cikin ƙasar Haɗejiya, wajen Kiri Kasamma. A nan kogi ba ya bin hanya guda. Yakan rarrabu ya bi tsakanin jigayi, watau tuddan rairayi, in damina ta yi nisa ya malale fadamu. Kifi ya hayayyafa, a noma shinkafa, sa'an nan da ruwa ya janye Fulani su sami ɗanyar ciyawa da rani. Akwai giyayya da goruba da bagaruwa. Tsuntsaye kuwa sai wanda ya gani: ɗinya, da kirinjijiya, da zalɓe, har da baƙi masu ƙetaro Sahara daga ƙasashen Turai in sanyin can ya tsananta.

Saboda haka cikin shekarar 2008 aka rubuta Baturiya cikin fadamun duniya da ake kiyayewa bisa alkawarin Ramsar. Faɗin da aka rubuta ya kusa eka 250,000. Cikin 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta yarda a mai da shi gandun ƙasa baki ɗaya.

Amma fa ka lura, mai karatu. Mai gadin daji yana iya hana gatari, ba ya iya hukunta ruwa, don ruwan daga ƙasar Kano yake fitowa. A can aka gama madatsar Tiga cikin 1974, ta Calawa kuma cikin 1992. Tun daga nan malalar damina ta ragu, ruwa kuwa ya daina ƙafewa a koramu da rani. Ka ce ai wannan alheri ne. A'a. Rashin bushewar nan shi ya ba kacala dama, ta yi kauri ta toshe hanyoyin ruwa. Sai ka ga wani ƙauye gonakinsa sun nutse, na gaba da shi kuwa fadamarsa ta bushe, masuntansa sun rataye koma. Jan-baki kuma ya sami wurin kwana cikin kacalar, daga nan yake tashi da asuba ya fāɗa wa shinkafa da gero.