Yadda Ake Gano Matsalar Sensar Zafin Ruwan AdBlue a Manyan Injinan Aikin Hanya

Hanyar da ta taso daga Kano ta bi Kazaure da Daura zuwa Kongolam, bakin iyakar Nijar, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, sun jawo manyan injina yankin nan. Yawancin waɗanda aka ƙera wa kasuwar Turai da Amurka daga 2014 suna ɗauke da ƙaramin tanki mai shuɗin murfi a gefen na man dizal. Ruwan cikinsa, AdBlue ko DEF, yuriya ce kashi 32.5 cikin 100 a tataccen ruwa, ana fesa shi cikin salansa don ya kashe gubar hayaƙi. A cikin tankin akwai sensa mai auna zafin ruwan, kuma idan ta kawo ƙara, ƙwaƙwalwar injin na iya rage masa ƙarfi har aiki ya tsaya. Abin da nake son bakanike ya riƙe shi ne kada ya sayi sabuwar sensa sai ya tabbatar tsohuwar ƙarya take yi, domin sau da yawa laifin na waya ne, wani lokaci ma gaskiya take faɗa.

Fara da lambar da ke kan allon direba, ka rubuta ta kafin kowa ya goge. A tsarin J1939 da yawancin injinan nan ke bi, SPN 3031 ita ce zafin ruwan tanki, lambar FMI da ke biye da ita kuma ita ke nuna irin ciwon: 3 na nufin wuta ta haura ƙima, galibi waya ta tsinke, 4 na nufin ta faɗi ƙasa, galibi waya ta taɓa jikin ƙarfe, 2 kuwa karatu ne mai tsalle-tsalle. Daga nan sai gwajin da ya fi kowane arha. Bar injin ya kwana, da asuba ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kwatanta zafin ruwan tanki da na ruwan lagireto da na iskar waje. Inji da ya huce, ukun nan za su kusanci juna. In tanki ya nuna digiri 40 ƙasa da sifiri a Kongolam, babu sauran musu, layin wuta ne ya yanke.

Yanzu kashe makulli, amma kada ka cire batir nan take, saboda famfon AdBlue yana buƙatar 'yan mintuna ya janye ruwan daga bututu. Sai ka cire soket ɗin da ke saman tanki ka dube shi da kyau. A nan ya kamata a daɗe. Ruwan nan idan ya malala ya bushe yakan bar farin gari kamar kanwa, kuma yana cin jan ƙarfen waya. Haɗa wannan da ƙurar hunturu, da girgizar aiki kan tsakuwa, da ɓeran da ke kwana cikin inji, za ka ga dalilin da ya sa wayoyi ke riga sensa mutuwa. Wanke garin da tataccen ruwa, ka bar wurin ya bushe sarai, ka duba haƙoran soket ko sun yi tsatsa ko sun lanƙwashe. Mayar da shi, kunna makulli, ka bi wayar kana motsa ta da hannu yayin da yaronka ke kallon allo. Inda karatu ya yi tsalle, nan ciwon yake.

In sensar mai waya biyu ce, ƙwaƙwalwar injin da kanta za ta taya ka shari'a. Lamba 4 ce ta fito, ka cire soket sai ta koma 3? To sensar ce ta lalace. Lamba 3 ce, ka haɗa haƙoran ɓangaren inji da guntuwar waya sai ta koma 4? To waya da ƙwaƙwalwa lafiya suke. A ɓangaren injin mita za ta nuna kusan volt 5. Ita sensar, juriyarta raguwa take yi idan zafi ya ƙaru, don haka ka auna ta a ruwan sanyi da ruwan ɗumi, ka kwatanta da jadawalin kamfanin da ya ƙera injin, kada ka ari na wani. Sabbin injina kuwa sun haɗe zafi da yawan ruwa da ingancinsa a ƙarfe ɗaya mai aika saƙo ta layin CAN. A nan wutar shiga da ta ƙasa za ka auna, sannan, batir a cire, ka nemi kusan om 60 tsakanin wayoyin saƙon biyu.

Saura idan komai ya fito daidai amma allo na nuna ruwan ya yi zafi ƙwarai. Sa ma'aunin zafi mai tsabta a tankin. Ruwan nan yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifiri, shi ya sa aka ratsa tankin da bututun ruwan lagireto mai bawul don narkar da shi. In bawul ɗin ya maƙale a buɗe, injin ne ke dafa ruwan. Taɓa bututun bayan an yi aiki, in ya ƙona hannu, bawul za ka canza.

Wani zai ce tunda ba a ƙanƙara a ƙasar Daura, me zai hana a yaudari ƙwaƙwalwar da abin da zai nuna mata zafi ɗaya kullum? Tambayar na da hujja, ganin tsadar kayan gyara da nisan inda ake samunsu. Sai dai a nan zafi ne abin tsoro. Ƙa'idar ISO 22241 ta nuna ruwan da ke kai shekara a digiri 30, wata 6 kawai yake yi a digiri 35, alhali a Afrilu da Mayu zafin Kongolam na haura 40. Wanda ya rufe bakin sensa ba zai san ranar da bawul ya maƙale ba, sai ruwa ya lalace, wata ƙarar ta ingancin ruwa ta taso, injin ya sake rage ƙarfi. Bayan gyara, goge lambar, tayar da injin ya yi aiki har ya ɗau zafi, ka auna ruwan tankin da gilashin awon yuriya ka ga ko yana nan kan 32.5, jarkokin ajiya kuma a janye su daga rana.