Yadda Ake Sassaƙa Kwale-kwale Daga Gungume Guda

A daji aikin kwale-kwale yake farawa, tun ba a ɗaga gatari ba. Masassaƙi kan yi kwana da kwanaki yana zagaye kurmi, yana neman itacen da ya miƙe sambal, babu reshe sai can sama, babu kogo, babu ɓarnar gara. Idan ya ga wanda ya kwanta masa, sai ya buga jikinsa da ƙeyar gatari ya kasa kunne. Amo irin na ganga alama ce ciki ya ruɓe, sai ya yi gaba. Maɗaci ake fara nema, domin yana jure ruwa kuma yana karɓar sara ba tare da tsagewa ba. Ana yi da kawo da maje. Rimi ga girma ga taushi, amma ba ya daɗewa. Irin waɗannan manyan itatuwa sun yi ƙaranci matuƙa, shi ya sa yawancin jiragen da ke tafkin Kainji yanzu na katako da ƙusa ne.

Kafin a kayar, ana share inda zai faɗi a shimfiɗa rassa, don kada gungumen ya dare da ya bugi ƙasa. Sai a datse kai da gindi, a ɓare ɓawo, a yi ta mirgina shi ana duba wane gefe ne zai zama ciki, wane ne zai kwanta a ruwa. Da an yanke shawara, sai a ja igiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a zana layin tsakiya da gawayi. Duk awon da zai biyo baya daga wannan layi ake ɗaukarsa.

Ana daidaita sama, a fitar da goshi da wutsiya, sannan a shiga raraka. Ba a haƙa shi tiryan-tiryan. Gatari ke yin sara a gicciye, tazara bayan tazara, sai a ɓamɓare abin da ke tsakani guntu-guntu. Wasu kan taimaka da wuta: su shafe gefuna da ɗanyar laka, su bar garwashi ya ci tsakiya, su kankare gawayin.

Daga nan gizago ya karɓi aiki, kuma a ganina nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo. Dole ƙasan jirgi ya fi bango kauri, domin shi ke gogar yashi da duwatsu, kuma nauyinsa ke hana kifewa. Bango kuwa a hankali ake rage shi yayin da ake hawa sama, dama da hagu daidai wa daida. Gwani kan ɗora tafi ɗaya a ciki, ɗaya a waje, ya ji kaurin da ke tsakaninsu. Wani kan huda 'yan ƙananan ramuka ya auna da tsinke, daga baya ya toshe su da turakun itace. Sara guda da ya zarce ya isa ya ɓata aikin makonni. Wannan ƙwarewa ta daɗe a ƙasar nan. Kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a yankin da ke jihar Yobe a yau, ya kai shekara 8,000. Tsawonsa ya haura mita 8, faɗinsa rabin mita, kaurinsa bai wuce santimita 5 ba.

Idan an gama, a inuwa ake barinsa ya sha iska sannu a hankali, don rana na tsaga ɗanyen itace. Sannan a yi gayya a ja shi zuwa bakin kogi a kan gumagumai. Ruwa ne zai faɗi gaskiya: in ya karkata, a fito da shi a rage gefen da ya yi nauyi, a sake gwadawa har ya zauna daram. Sai a kafa sandunan gicciye da ke riƙe bango, waɗanda kuma a kansu ake zama. Inda aka ga tsaga, a cusa tsumma a bi da man kaɗe ko kwalta. Saura filafili na tuƙi a zurfi, da doguwar gora ta tokara inda ruwa ba shi da zurfi.