Kasala ta kama ni, in ajiye alƙalami?

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga Tiga. Na ɗaukar wa kaina rubuta labarin yankinmu duk mako, amma masu karantawa ba su taka kara sun karya ba, har gwiwata ta yi sanyi. In haƙura?

Amsa: Ɗana, kada ka haƙura, amma rage kayan. Duk mako ya yi wa mutum ɗaya yawa, balle da damina. Koma sau biyu a wata, ka tsayar da rana.

Ina zargin ba kasala ce ke damunka ba, zaman ɗaki ne. Mai rubutu daga cikin kansa kaɗai yakan ƙafe da wuri. Fita. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma dattawan da aka tasa daga garuruwansu saboda ruwan suna ta ƙarewa. Wa ya rubuta abin da suka gani? Zauna da su tun suna nan. Ga masunta, ga manoman rani na Kadawa da ruwan ke ciyarwa, ga tsofaffin mahaƙan kuza a Riruwai, ga dajin Falgore. Wannan aikin shekaru ne.

Batun masu karatu kuwa, daina ƙirga su, ƙirgan nan ke kashe zuciya. Karanta wa majalisarku da yamma. Wani zai yi maka gardama, wani ya ce ka manta kakansa. Rubuta sunan kakan, ka nemi gidansu ranar Juma'a.