Inshorar Lafiya Ga Ɗalibai Masu Karatu A Ƙasashen Waje: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Yawancin 'yan kasuwar da ke tura 'ya'yansu karatu ƙasashen waje kan tsaya ne ga lissafin kuɗin makaranta, da na masauki, da na jirgi. Sai an zo neman biza ko rajista a jami'a sannan kuɗin inshorar lafiya ya ɓullo, alhali an riga an rufe kasafi. Wannan kuɗi kuwa ba ƙarami ba ne, kuma a ƙasashe da dama doka ce ta wajabta shi.

Inshorar lafiya yarjejeniya ce wadda mutum ke biyan wani ƙayyadadden kuɗi tun yana da lafiya, domin in ciwo ya same shi a ɗauke masa nauyin magani, duka ko wani kaso. Kowace ƙasa da irin tsarinta.

A Birtaniya, gwamnati ta ƙirƙiro harajin lafiya kan baƙi a shekarar 2015, inda ɗalibi ke biyan Fam 150 a shekara. An ɗaga shi zuwa Fam 300 a 2019, da Fam 470 a 2020, sannan Fam 776 a watan Fabrairun 2024. Harajin ya shafi duk wanda bizarsa ta wuce wata shida, kuma ana biyan na dukkan tsawon bizar a dunƙule lokacin neman ta. A kan farashin 2024, mai digiri na biyu na shekara guda, wanda bizarsa kan kai wata 16 ko 17, zai biya na shekara ɗaya da rabi, wato Fam 1,164. Mai digirin farko na shekara uku kuwa zai biya na uku da rabi, wato Fam 2,716. Da zarar ya biya, yana da damar ganin likita da kwanciya a asibitocin gwamnati kamar ɗan ƙasa. Amma a Ingila akwai kuɗin da ake biya kan maganin da likita ya rubuta, haka nan aikin haƙori da gwajin ido.

A Amurka babu tsarin gwamnati da ya rungumi kowa, kuma kuɗin asibiti na da tsada ƙwarai. Dokar tarayya ba ta tilasta wa mai bizar karatu ta F-1 yin inshora ba, sai dai akasarin jami'o'i sukan wajabta ta, su haɗa kuɗinta cikin na makaranta. Mai bizar musaya ta J-1 kuwa, tun daga 2015 an shar'anta masa inshorar da za ta biya aƙalla Dala 100,000 kan kowane ciwo ko haɗari, da Dala 50,000 don mai da majiyyaci gida, da Dala 25,000 don mai da gawa.

A Jamus ba a yi wa ɗalibi rajista a jami'a sai ya nuna shaidar inshora. Wanda bai kai shekara 30 ba yana iya shiga tsarin gwamnati a kan rangwamen ɗalibai, wanda ya haura Yuro 100 a kowane wata. A Faransa kuwa shiga tsarin gwamnati kyauta ne ga baƙin ɗalibai, amma kimanin kashi 70 cikin 100 na kuɗin ganin likita yake mayarwa, don haka da yawa kan sayi ƙarin inshora domin cike ragowar.

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a duba kafin a sa hannu. Na farko, iyakar abin da kamfani zai biya a shekara. Na biyu, kason farko da majiyyaci ke biya daga aljihunsa kafin kamfani ya fara biya, domin inshora mai araha kan zo da kaso mai nauyi. Na uku, ciwon da ɗalibi ya tafi da shi daga gida, kamar sikila, ko asma, ko ciwon sukari. Kamfanoni masu zaman kansu kan ware irin waɗannan ko su sa wa'adin jira, kuma ɓoye su na iya sa a ƙi biya ranar da buƙata ta taso. Na huɗu, ranar da inshorar ke farawa da ranar ƙarewarta, don kada a sami giɓi tsakanin saukar ɗalibi da buɗe makaranta.

Bugu da ƙari, inshorar tafiya da ake yanka wa masu ziyarar kasuwanci daban take da ta ɗalibi. Ta tafiya ta gajeren lokaci ce, kuma larurar gaggawa kaɗai takan ɗauka.

Batun canji shi ma abin lura ne. Bayan da aka saki Naira a kasuwar musaya a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da Naira 1,500 a 2024. Wanda ya yi kasafi da Naira ya tarar nauyin ya ninka fiye da sau uku. Saboda haka, abin da ya fi dacewa shi ne a lissafa kuɗin inshora na dukkan shekarun karatu da kuɗin ƙasar da za a je, a ware shi tun kafin a karɓi gurbin karatu. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.