Wuta-wuta da Koyon Noma Cikin Taro

Duk wanda ya ratsa gonakin Ikara, Makarfi ko Kudan a ƙarshen damina zai ga wata ciyawa mai fure ruwan hoda a tsakanin masara da dawa. Ita ce wuta-wuta, ko ƙuduji, wadda masana ke kira Striga hermonthica. Tana manne wa saiwar hatsi ta tsotse ruwa da abinci tun kafin ta fito fili. Tsiro guda kan zubar da dubban 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, masu iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10. Iska da ruwa da kofaton dabbobi na kwasar su daga wannan gona zuwa waccan. Saboda haka manomin da ya tsabtace gonarsa, maƙwabcinsa bai yi ba, aikinsa ragagge ne.

Magani kuwa sananne ne. Ƙwayar wuta-wuta ba ta tsira sai ta ji sinadarin da saiwar hatsi ke fitarwa. Wasu irin waken suya na fitar da makamancinsa, sai ƙwayar ta tsira, ta rasa inda za ta manne, ta mutu. Ga shi kuma waken na ƙara wa ƙasa naitirojin. To, amma faɗar wannan a rediyo bai isa ya sa magidanci ya bar masara shekara guda ba, tun da abincin iyalinsa ne.

A nan koyo cikin taro ke da amfani. Hukumar FAO ta soma makarantar manoma a gona a Indunusiya cikin 1989: manoma kamar 25 sukan haɗu mako-mako a gona ɗaya, su duba, su gwada, su yi muhawara. A yankinmu ma, masu bincike na IAR Samaru da IITA, tare da malaman gona na KADP, sun yi aiki da ƙungiyoyin manoma kan wuta-wuta ta irin wannan hanya. A raba fili biyu: ɗaya masara bayan masara, ɗaya masara bayan waken suya. Manoma da kansu ke ƙirga tsiron ciyawar, su auna hatsi da tiya ranar girbi. A ganina ƙirgen nan ya fi kowace lacca tasiri.

Malamin kimiyya na iya shata irin wannan fili a gonar makaranta. Sai dai gwajin na cin damina biyu, don haka a fara da ɗaliban aji huɗu, kuma a gayyato iyayensu ranar awo.